Katkat ɗin da ta cinye shanun huɗarmu

Makon jiya wani direba ya shigo filin da nake sayar da tsofaffin motoci a bakin hanyar Gazawa, yana so ya juya. Ya taka, ya ja sanda, bitesi, wato giya, ya ƙi shiga, sai kukan ƙarfe yana cin ƙarfe kamar ana niƙa tsakuwa. Ina riƙe da kofin shayi, sai da na ajiye shi. Cikin motoci na yi furfura, na ji wannan ƙara ba adadi, amma har yau in ta shiga kunnena haƙorana sukan mutu. Ita ce ƙarar da ta riƙa tashe ni da safe a shekarar da Baba ya sayi katkat.

Ƙauyenmu yana bayan Gangara, inda rairayi yake kama ƙafar jaki ma, balle tayar mota. Ba abin da yake ratsa wannan hanya sai katkat, mota mai ja da ƙafa huɗu. Wadda Baba ya gani a Gazawa ta mutanen furoje ce tun asali, masu aikin haƙa rijiyoyi, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare mu. Fara ce a da, rana ta mayar da ita kalar toka. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta.

Gidanmu gandu ne. Baba da ƙanensa, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Dukiyar gidan da ake iya nunawa da yatsa ita ce shanun huɗa biyu, manya, masu jan garma da damina, su ja amalanke da rani. Bayan girbi Baba ya ce a sayar da su a sayi katkat, motar za ta mayar da su kafin ruwa ya sauka, har da riba. Baba Ƙarami ya yarda, amma da sharaɗi, kuma a ƙofar ɗakin tsohuwarsu aka yi maganar don ta zama shaida: in ruwan farko ya faɗi motar ba ta maido da shanu ba, za a sayar da ita a saye su. Ba a huɗa gona da mota.

Makonnin farko sai hamdala. Ranar kasuwar Gangara da ta Gazawa tun da hantsi motar take cika, buhunan wake da gyaɗa a ƙasa, mutane a bisa, kaji a rataye. Baba ya koyi tuƙi a wurin wani tsohon direba, yana riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai riƙe garma. In ya dawo da yamma sai ya wanke ta da ruwan rijiya kafin ya wanke nasa jikin.

To, ka san halin Baba tukuna, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya biyo baya ba. Mutum ne da bai iya ganin abu a buɗe. Bakin buhu, bakin tulu, ƙofar rumbu, komai sai ya ɗaure ya sake ɗaurewa. Wata rana murfin tankin motar ya ɓace a tashar Gazawa, ya dawo gida da tsumma a bakin tankin, ransa a ɓace, yana cewa rana tana shanye masa isansi, wato fetur, rairayi kuma yana shiga. Kwana biyu ya yi yana sassaƙa toshiya da icen aduwa. Ya naɗe ta da robar tsohon tiyub, ya buga ta a bakin tankin da dunƙulen hannu, ya rufa fatar akuya a kai, ya ɗaure da tsirkiya. Ya kira maƙwabta su sansana. Ko ƙamshi ba ya fita. Na tuna yadda fuskarsa ta yi haske a ranar.

Cikin makon nan ne kuma bitesi ya fara gardama. Ruwan da ke cikin ɗan kofin ambirayaj, wato abin da ake takawa kafin a canja bitesi, ya tsiyaye, ba a kuma sayar da irinsa a Gangara. Baba Ƙarami ya taɓa yin shekara guda yana bin wata babbar mota tsakanin Maradi da Damagaram, saboda haka duk abin da ya shafi ƙarfe shi ne malaminmu. Ya ce ai direbobin manyan motoci man gyaɗa suke zubawa, mai dai mai ne. Ya ɗebo a gwangwanin tsohuwa, don sana'arta ke nan, matsar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ya cika kofin. Bitesi ya shiga sumul. Ya yi ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan cuta biyu suka haɗu a jikin mota ɗaya, muka kasa raba wannan da waccan.

Ba a yi wata ba abin takawar ya fara nutsewa ƙasa ba ya dawowa. Da safe Baba zai taka, ya sake takawa, ya ja sanda da hannu biyu, ƙarfe ya yi ta kuka har kaji su watse. Ƙarshenta sai a kashe inji, a sa bitesi na biyu a tsaye, a kira samarin unguwa su tura cikin rairayi. Da farko da dariya suke zuwa. Daga baya in suka ji ƙarar sai kowa ya tuna yana da aiki a bayan gari.

Wannan ma da sauƙi. Babbar cutar ta inji ce. Motar za ta tashi lafiya, ta bar gari tana gudu kamar ba ita ba, sai an kai wajen wata tsamiya da ke rabin hanyar Gangara ta fara tari, ta yi shessheƙa, ta mutu. Kowa ya sauka. Baba Ƙarami ya ɗaga kapo, murfin inji, ya ciro buji, wato fulogi, ya kankare, ya hura wani bututu, ya ƙwanƙwasa karbirato da ƙotar sukurdireba. Baba kuma ya zagaya baya, ya kwance tsirkiya, ya zare toshiya, ya tsoma kara ya ga ko isansi ya ƙare. Kullum akwai. Ya mayar da toshiya ya ɗaure tam. A murza makulli, mota ta tashi. Baba Ƙarami ya goge hannu ya ce buji ne. A yi tafiya kamar wadda aka yi, ta sake mutuwa.

Mutane suka ce tsamiyar ce. Baba ba mai sauraron irin wannan ba ne, amma ya sake hanya, ya bi ta gefen fadama. Ta mutu a can ma, a fili fetal inda ko geza babu. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ranar da ya cika tanki fal ta fi saurin mutuwa. Ya yi faɗa da mai sayar da isansi a kwalba, ya ce yana haɗa masa da ruwa. Ya koma wurin wani, ba abin da ya sake. Fasinja suka fara gudunmu. Mace mai kai nono kasuwa ba za ta hau motar da za ta isa bayan azahar ba.

Aka kai ta garaji a Gazawa, ni ma na bi. Mai garajin wani gajere ne mai faɗa, ya buɗe kofin ambirayaj ya kai hanci, ya ɗago ya dube mu.

“Wa ya soya ƙosai a nan?”

Ya ciro robobin ciki, sun kumbura sun yi laushi kamar danƙo, ya nuna wa yaran garajin, suka yi ta dariya. Baba Ƙarami ya duƙa yana gyara takalmin da bai lalace ba. Baba ya ce, “Ni ne. Gyara kawai.” Aka wanke, aka sa sababbin robobi da ruwan da ya dace. Bitesi ya daidaita, ko da yake na biyu bai daina ɗan ƙara ba, haƙoransa sun riga sun ci wuya.

Injin kuwa ya gagari mai garaji. Ya wanke karbirato, ya sa sababbin buji. Ya juye tanki kaf ya tace, ya ce isansin da ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka ne. Ya tada motar ya bar ta tana aiki tun daga azahar har la'asar, ko tari ba ta yi ba. Duk tsawon lokacin nan toshiyar Baba tana ajiye a kan dutse, don mai garajin ya cire ta da zai juye tankin. Da za mu tafi Baba ya ɗauke ta, ya hure ƙasar da ta taɓa ta, ya mayar ya ɗaure. Ba mu kai rabin hanya ba ta mutu. Sau uku muna zuwa garajin nan. A na biyu aka sake famfon isansi, ragon layya ya tafi. A na uku aka sake wayoyin wuta, awakin Inna biyu suka bi bayansa.

Yanzu bari in gaya maka zancen Kaka. Baba ɗanta ne na fari, kuma ita ta mutanen da ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. In ya zo gaishe ta da safe daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani wuri. In tana da magana sai ta ce a gaya wa wancan. Da ya sayi mota ta samu sabon suna, ta koma cewa mai motar. Ni kuwa jikanta, mai gida take ce mini, kullum tana ƙorafin na bar ta ba cefane.

Da zafi ya fara, aka yi mata rasuwa a Agie, dole ta je gaisuwa. Ba ta yarda ta zauna gaba kusa da ɗanta ba, aka shimfiɗa mata buzu a baya, daidai saman bakin tanki. Don girmama ta Baba ya cika tankin har wuya. Sau biyar motar ta mutu kafin Agie. Duk tsayawa maza suna gaba sun tusa kai cikin kapo, ita tana zaune da carbinta, Baba ya zo dab da ita ya zare toshiya, ba mai kallon wani.

Washegarin dawowarmu tana zuba mai a kwalabe ta kira ni. Gwangwaninta huda biyu gare shi, babba da ƙarama. Ta karkata shi, mai yana zuba siriri. Ta ɗora babban yatsa a kan ƙaramar hudar. Man ya yi gulun-gulun, ya tsaya. Ta ɗage yatsa, ya ci gaba.

“Ka gani, mai gida?”

Na ce na gani.

“Je ka gaya wa mai motar ya toshe mata hanci. Duk sa'ad da ya zare icen nan sai na ji ta ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.”

Shekarata ba ta wuce goma ba. Na fita na tarar da Baba kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani, dattawa huɗu suna zaune a inuwa kowa yana ba da tasa shawara. Na tsaya. Yaro ba ya ratsa manya ya ce wa ubansa ga kuskurenka, balle kuskuren ya zama toshiyar da ya tara maƙwabta suka yaba. Na zagaya na sami Baba Ƙarami yana gyaran igiyar guga, na faɗa masa komai, har da gwangwanin.

Da ya ji kalmar man gyaɗa fuskarsa ta canja. Ya yi wata ƴar dariya.

“Tsohuwa ta buɗe garaji ke nan? An gama zancen man gyaɗa a motar nan. Je ka, zan faɗa mishi.”

Bai faɗa ba. Na sha juya abin a raina da na girma. Ko kunyar garajin Gazawa ce ba ta sake shi ba, ko ya ɗauki maganar shirmen tsofaffi, ko kuwa zuciyarsa ta riga ta koma kan shanu. Ban sani ba, ban kuwa tambaye shi ba har ya rasu. Da yamma Kaka ta ce, “Ka kai?” Na ce na kai. Ta ga toshiyar tana nan, ta ɗauka ɗanta ya ji ya ƙi, ba ta sake ɗaga maganar ba.

Bazara ta kama sosai. Ganyen bedi, wato dogon yaro, ya yi laushi, dare da rana iska ɗaya. Maƙwabta suka fara sharar gona, ana jin masu shanu suna gwada garma. Baba ya rame. Hannunsa ko ya wanke da toka warin isansi yake, in ya sa a tuwo sai ya tsame. Ya aro karbirato na wata mota daga Agie ya ɗaura, ta mutu a inda ta saba. Na ga ya fito, ya zagaya, ya zare toshiya ya tsoma kara, ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen karan. Ina tsaye taku uku daga gare shi da maganar a bakina. Na ce a raina ai Baba Ƙarami ya faɗa masa. Na san bai faɗa ba.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da la'asar. Gari duka ya fita yana murna, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Baba Ƙarami ya ɗauko garma daga rumfa ya jingine ta a tsakar gida inda kowa zai gani. Da safe Baba ya aika a kira dillali.

Daga Maradi mutumin ya zo, a bayan wani mai babur, da farar riga da ɗan tsumma a aljihu. Bai buɗe kapo da wuri ba. Ya tambayi Baba, a tsaye take mutuwa ko da tafiya? Da tafiya. In an bar ta ta huta tana tashi? Tana tashi. Da cikakken tanki ko in ya yi ƙasa? Baba ya faɗa masa gaskiya duka, don bai iya wani abu ba sai ita. Mutumin ya zagaya baya. Idonsa ya sauka kan fatar akuya da tsirkiya, bai kai ƙiftawa biyu ba ya ɗauke shi, ya tsuguna ya fara kushe tayoyi. Ya ce injin ya gaji, bitesi na biyu ya tafi, shi don ƙarfen zai saya. Na san wannan ɗauke idon yanzu. Ni ma haka nake yi.

Aka yi ciniki gaban shaidu, aka tafa, aka yi addu'a. Sannan ya ciro ƴar wuƙa ya yanke tsirkiyar, ya murɗa toshiyar ya zare. Ya juya ta a hannu.

“Aiki mai kyau. Wa ya sassaƙa?”

Baba ya ce shi ne.

“Riƙe abinka, Malam. Tanki sai da iska. In isansi zai fita dole wani abu ya shiga ya maye gurbinsa.”

Ya cusa tsummansa sako-sako a bakin tankin, ya shiga, ya tada, ya tafi. Baba Ƙarami ya ari keke ya bi bayansa, wai don ya taimaka da turi a tsamiya. Bayan la'asar ya dawo. Ya ce sawun taya kawai ya gani, bai karkace ba, bai tsaya ba, har bakin babbar hanya.

Duka muna tsakar gida. Kaka tana bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Mai gida, saƙon nan da na ba ka tun dawowarmu daga Agie, a wane gari ka sauke shi?”

Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce wane saƙo. Na faɗa, da gwangwanin da yatsa da komai, na faɗi wanda na ba. Ya dubi ƙanensa. Ƙanensa yana kallon ƙasa. Na jira mari, da ma an yi mini shi da na huta. Baba ya saɓa hauya ya fita gona, rana tana gab da faɗuwa, ba abin da zai iya nomawa a lokacin.

Abin da aka samu bai kai ga manyan shanu ba, ƴan maruƙa biyu aka saya waɗanda ba su san garma ba. Huɗarmu ta makara a shekarar, gyaɗa ba ta yi ba. Motar kuwa ta yi shekaru tana jigila tsakanin Gazawa da Agie, an yi mata sabon fenti, amma muna gane ta da ƙarar bitesi na biyu. In ta wuce mu a kasuwa Baba yakan sami abin dubawa cikin buhunsa.

Ba na jin haushin mutumin Maradi. Tambaya ya yi aka ba shi amsa, ya ga abin da masu ita ba su gani ba. Sana'ar da nake ci ke nan, ni ma na sha gani in yi shiru, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da yake cin raina shi ne maganin yana cikin gidanmu, taku goma daga inda motar take kwana, a bakin matar da ta fi kowa son mai ita.

Yau abubuwa sun sake. Motocin da nake kawowa ana jona musu na'ura ta faɗi inda ke ciwo. Matata tana kiran ɗanmu na fari da sunansa, ta yi masa faɗa ido cikin ido, in yana nesa ta aika masa da murya ta waya. Tsofaffi suna cewa kunya ta ƙare. Wataƙila da gaskiyarsu, amma ni ban taɓa hana ta ba.

Inna tana nan da ranta a ƙauye, ni ne kuma nata na fari, har gobe ba ta duban fuskata. Watan jiya na je gaishe ta, na durƙusa a bakin ƙofa. Ta kira ƴar ƙanena da ke wasa a tsakar gida, ta ce, “Zo ki gaya wa wancan ya rame, kuma tun da ya zauna ruwa moɗa uku ya sha. Ya je likita a duba shi.”

Kafin yarinyar ta miƙe na ce, “Yi zamanki, na ji.”

Inna ta juya wa ƙofa baya, ta ce wa jikarta mutanen yanzu ba su da ta ido. Washegari da sassafe ina kan layi a likitar Gazawa.